Na ce zan kai su Jidda daga falo, ko Mando ba mu wuce ba

Waɗanda suka zo gidanmu washegarin Sallah na san kun gama yaɗa labarin, har wanda bai zo ba jiya ya kira ni yana ce mini Kyaftin yana ƙyaƙyata dariya, to ku bari ni ma in faɗi nawa tunda ni abin ya faɗa wa.

Kun dai san tun ina sakandare ba ni da buri irin in tuƙa jirgin sama. Kwalejin koyon tuƙin tana nan Zariya tun 1964, daga Kawo tafiyar awa ɗaya ce a mota, amma ranar da na ji kuɗin makarantar sai na gane nisan ya fi haka. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida aka karkato jirage Kaduna, ni ne mai bin hanyar Mando in faka mashin in ɗaga kai sama kamar mai duban wata. To kwanaki wani abokin aikinmu da zai yi ritaya yana kwashe durowarsa sai ya miƙo mini kwali da faifai biyu a ciki, Flight Simulator X, wasan kwamfuta na tuƙin jirgin sama wanda ya fito a 2006, ya ce je ka rage zafi. Na duba abin da wasan ke buƙata, wai ram 256MB ya isa a Windows XP. Laftof ɗina mai 2GB ne. Na buga lissafi na ga na ninka su sau takwas, na ce ashe ni ma mai kuɗi ne a 2006.

Laftof ɗin kun san shi, wannan ɗan Beljiyam ɗin mai Windows 7 da batirinsa ya riga mu gidan gaskiya, in ka taɓa wayar caja ya mutu, fankarsa kuma kamar injin markaɗe. Amma wallahi da farko ya yi ƙoƙari. Na sa ɗan ƙaramin jirgin nan Cessna 172, na rubuta DNKA, lambar filin jirgin Kaduna kenan, na tashi na zaga na dawo na faɗi a gona, na ji daɗi ƙwarai. Da na tsaya nan da yanzu ina da mutunci.

Sai zuciya ta ce Cessna na yara ne. Na yi dare uku ina ƙona datar dare, na sauko da wani ƙaton 747 da masu sha'awa suka ƙera da fenti mai kyau har ƙusoshin jikinsa ana gani, na ƙara da tarin jirage masu zirga-zirga, sannan na shiga setin na ja duk wani abin ja zuwa dama har ƙarshe, bishiyoyi, gidaje, motocin kan titi, gajimare, ruwa mai ƙyalli. Dalilina wai in na bi ta saman Unguwar Dosa in ga rufin gidanmu. Babu gidanmu a ciki. Babu ma Unguwar Dosa, wasu akwatuna ne kawai aka watsa kamar an zubar da ashana. Daga ranar wani ɗan akwatin saƙo ya fara fitowa, layin lodin ya yi tafiya ya yi tafiya sai ya cije, a ce kwamfuta ba ta da sauran memori, a rufe wasa a rage kaya.

To ni duk rayuwata in waya ta ce memori ya cika hotuna ake gogewa. Na kwashe hotunan bikinmu da bidiyon sunan Ummi da na walimar saukar ƙanen Madam na zuba a filash na goge na kan laftof, wajen 40GB na samar. Saƙo ya dawo ko gezau. Ashe memori iri biyu ne, akwai rumbun ajiya akwai ram wanda kwamfuta ke aiki da shi a lokacin da take kunne, wannan ma sai da yaron shagon gyara na wajen Ahmadu Bello Way ya faɗa mini yana danne dariya. Madam kuma ta ji ina tambaya a waya ram nawa ne yanzu, saura kwana tara Sallah, ta ɗauka ragon layya nake nufi, tunda shi ma ram ne a Turance, har ta fara yi mini fara'a. Na farkon da aka ba ni DDR2 ne, laftof ɗin DDR3 yake ci, tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba, na yi ta dannawa da ƙarfi saura kaɗan in karya, na koma a keke aka canza, aka ce in ciko kuɗi. Ram dai ya yi ram da aljihuna. Na dawo na sa, ya zama 4GB, na duba sai Windows ta ce eh ta ga huɗun amma uku ba kaɗan za ta iya amfani da su. Sauran fa? Oho. Saƙo ya dawo.

Na ƙara girman fejfayil, wannan wurin da Windows ke ara a rumbu in ram ya ƙare, shiru. Na buɗe fsx.cfg, fayil ɗin setin wasan, na rubuta HIGHMEMFIX=1 a ƙarƙashin GRAPHICS kamar mai rubuta laya, ban san me yake yi ba, wani Bature ne a bidiyo ya ce a yi. Daga ƙarshe na kwafi wani umarni, bcdedit /set increaseuserva 3072, na ristat, sai hoto ya fara wasu 'yan dabaru yana baƙi yana dawowa, na tsorata na mayar da shi 2560 kamar yadda wasu suka ce ya fi zama lafiya. Daren jajibiri ƙarfe ɗaya saura, 747 ya buɗe. Ya buɗe fes, ga ni a kujerar matuƙi a kan titin jirgi na Kaduna. Ban ma tashi ba, na kashe na je na kwanta ina murmushi, da safe a filin Idi na gaya wa duk wanda muka gaisa cewa gobe in sun zo gida zan kai su Jidda.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau, da safen da za su zo na ce bari in ƙara armashi. Na mayar da jiragen zirga-zirga ɗari bisa ɗari don a ga fili ya cika kamar lokacin jigilar alhazai, na ƙara gajimare. Ban gwada ba. Ina can wajen suyar nama.

Bayan la'asar falo ya cika. Ga Baba surukina a kan babbar kujera, ga ƙannen Madam su uku, ga Auta a ƙasa da kwanon soye a cinya, ga yaran layi sun liƙe a taga, ga kuma Kawu na Rigasa wanda ba wanda ya gayyata. Na aro waya a maƙwabta na jona laftof da talabijin. Na sa farar riga mai aljihu biyu. Na sa hedfon ɗin da kunne ɗaya ne ke aiki. Allah ya gani har tabarau na ɗauko sai Madam ta harare ni na ajiye. Na gyara murya na ce, assalamu alaikum alhazai, kyaftin ɗinku ke magana, yau da yardar Allah za mu tashi daga Kaduna zuwa Jidda, tafiyar awa huɗu da wani abu, kowa ya ɗaura bel. Yara suka yi tafi. Baba ya ce Allah ya kai mu lafiya, da gaske fa ya faɗa, har ya shafa.

Na danna. Layin lodin ya fara rarrafe. Goma, ashirin da wani abu, arba'in, ya ɗan tsaya ya huta ya ci gaba, ni kuma ina cike shirun da bayani, ina gaya musu 747 injina huɗu gare shi, tun 1969 ya fara tashi, bene ne da shi a gaba, Kawu yana cewa na sani, na shiga, na sani. Wajen tamanin sai layi ya tsaya. Fanka ta ɗauka, wuuuu, har takardar da ke gefen laftof tana motsi. Sai Baba ya gyara zama ya kama hannun kujera ya ce, to bismillah, ga ƙarar injin nan, mun tashi ne?

Ban iya ce masa a'a ba. Ta yaya zan ce wa surukina wannan ƙarar ba injin jirgi ba ne, laftof ne ke neman ransa. Na ce, eh Baba, ana ɗumama shi ne.

Sai ƙin! Akwatin ya fito. A laftof ɗan ƙarami ne, ina iya rufe shi da tafin hannu, amma a talabijin mai inci arba'in da uku ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiya kamar sanarwar rasuwa. Na kai hannu da sauri zan danna ya ɓace, maus ya ƙi motsi. Nan fa Ummi, 'yar da nake biya wa kuɗin makaranta da gumina, aji huɗu take, ta miƙe tsaye ta je gaban talabijin ta sa yatsa ta karanta shi da Turanci tiryan-tiryan, kalma bayan kalma, da irin muryar da suke karatu a asambuli. Baba ya ce masha Allah, to me aka ce? Ta juyo ta ce, wai kwamfutar Abba ta ce ba ta da ƙwaƙwalwa.

Aka yi tsit na ɗan lokaci, irin tsit ɗin da kowa ke jiran wanda zai fara. Kawu ya cire tsinken sakace daga baki a hankali, ya dubi laftof, ya dube ni da hedfon a kai, ya ce, ita da bakinta ta faɗa? To ita dai ta fi mai ita gaskiya.

Falo ya fashe. Ƙanen Madam na tsakiya har ya zame daga kujera. Yaran taga da ba su ji abin da aka ce ba su ma suka kama dariya saboda sun ga manya na yi, ɗaya ya ruga layi yana ihu wai jirgin Baban Ummi ba shi da ƙwaƙwalwa. Baba, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari ya riƙe, ya sa hannun babbar riga ya rufe baki kamar mai tari, amma kafaɗunsa na rawa ina gani. Madam tana bakin ƙofar kicin da ludayi ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo, kallon kuɗin ram take yi mini.

Bari in tsaya a kan Kawu tukuna, don abin yana raina. Mutumin nan sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi a duniya, zuwa da dawowa, shekara kusan ashirin kenan, amma daga ranar ya zama shi ne hukumar sufurin sama ta danginmu. In jirgi ya wuce ta sama sai ya ɗaga kai ya ce wannan na Legas ne, ya makara. Wa zai musa? Kuma duk wanda ya san shi ya san a kujerar tsakiya ya zauna, ko taga bai samu ba, matarsa ce ta faɗa, ta ce tun daga tashi har sauka idonsa a rufe yana salati. Wannan ne yau yake mini maganar ƙwaƙwalwa a gaban surukina, a falona, da naman ragona a bakinsa, cinya ma ya zaɓa. Sannan tsanina. Tsanin ƙarfe na mai taka goma sha biyu da na saya a Panteka, ya aika yaro ya karɓa wai zai gyara dish kwana biyu, damina uku kenan. Na je Rigasa da idona na gan shi an jingine a bayan gida an shanya tabarmar yara a kai. Na yi maganar sau ɗaya ya ce au, naka ne? Abu ɗaya da na mallaka da ke ɗaga ni sama da ƙasa da gaske, yana gidansa. In ya karanta wannan ya karanta, ai ɗansa na nan yana bibiyata, ka gaya masa.

To na daure na ce ƙaramar matsala ce, na kashe na kunna. Minti bakwai laftof na tashi, kowa na kallon tambarin Windows yana juyi a talabijin kamar shi ne fim ɗin. Kawu ya ce a kawo masa tabarma da buta, shi ya san irin wannan, kwana ake yi a kam. Karo na biyu layi ya kai ƙarshe, har na ce Allahu akbar a zuci, ɗakin matuƙi ya bayyana amma rabin agogunan baƙaƙe ne, gine-ginen fili ba fenti, wani jirgi a gefe fari fat kamar an yi masa likkafani, na juya kallo hagu don in nuna musu fiffike, sai ƙin! Ummi ta sake miƙewa na ce zauna.

A nan ne Auta ta ce, Yaya in gani? Yarinyar da na sani tana yawo da kamfai, yanzu wai tana poli tana karanta kwamfuta. Ko hannu ba ta wanke ba, ta goge a tishu, ta jawo laftof da tsokar nama a ɗaya hannun. Ta buɗe wani wuri ta ce, Yaya ai Windows ɗinka 32-bit ce. Na ce na sani. Ban sani ba. Ta ce shi ma wasan 32-bit ne, kuma a irin wannan Windows ɗin kowace manhaja 2GB kawai ake yanka mata ta yi harkarta a ciki, sauran biyun na Windows ne, wannan umarnin da ka kwafa ya ɗan matsa maka katanga ne zuwa biyu da rabi, shi ya sa da ka sa 3072 hoto ya rikice, ka matse wa direban girafik wuri. Ko ram ɗin duniya ka zuba ba zai wuce nan ba. Ta ce kamar a ba mutum faranti ɗaya ne a gidan biki, ko tukunya goma aka dafa abin da farantin ya ɗauka shi ne nasa, kai kuma ka zuba shinkafa ka zuba waina ka zuba alale ka ɗora kan rago a sama. In ka sa Windows 64-bit, tunda ka riga ka sa wa wasan gyaransa na biyu, SP2, farantin zai kai 4GB, daga nan kuma ba ƙari, haka aka gina shi.

Kawu ya ce ato, abin da nake shirin faɗa kenan.

Tana tauna nama ta ja duk abin da na yi dare uku ina ja dama ta mayar hagu. Bishiyoyi da gidaje ta rage, motocin titi ta kashe, jiragen zirga-zirga daga ɗari zuwa goma, ruwa ya daina ƙyalli, nisan da ake loda ƙasa ta sa matsakaici, 747 ɗina mai ƙusoshi ta ajiye shi gefe ta ɗauko 737 ɗin da ya zo da wasan. Minti biyu. Ya buɗe garau, fanka ma ta sassauta. Ta turo mini ta koma kan kwanonta ko kallona ba ta yi ba.

Na mayar da hedfon. Ban sake yin sanarwa ba. Na danna F4, wuta har ƙarshe, injin ya yi ruri na gaske wannan karon, Baba ya sake kama hannun kujera, yaran taga suka dawo. Jirgi bai motsa ba. Ruri kawai yake yana karkarwa a wuri ɗaya kamar ragon da aka ɗaure a turke. Na danna wannan na danna wancan, na sauke fiffike na ɗaga, zufa na bin bayana, ashe akwai wani jan rubutu a ƙasan sikirin ta hagu da ni ban lura ba amma wata ta lura. Abba, wai ka saki birki, ka danna ɗigo. Kawu ya ce ko tsohuwar fijo ɗina sai an sauke hambirki take tafiya, kuma ni ban je Zariya ba. Ni ma ai ban je ba, shi ne abin haushin, ba ni da amsa.

Na danna ɗigo. Jirgi ya zabura da duk ƙarfin da ya tara, ni kuma da kibod nake tuƙi ba ni da sandar tuƙi, na taɓa hagu ya yi hagu da yawa, na taɓa dama ya kwashe, muka bar kwalta muka shiga ciyawa da gudu, yara na ihu, Baba na innalillahi, ina jan hanci sama yana ƙi, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Talabijin ya mutu, laftof da ba batir ya bi shi a take, fankar sama ta yi juyi uku ta tsaya. Cikin duhun Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Kawu ya tambaya ko akwai sauran soye a sa masa a leda.

Satin da ya wuce Auta ta zo ta sa mini 64-bit ɗin, yanzu Windows na ganin ram huɗun duka, sai dai wayfai ya daina aiki sai da muka yi kwana biyu muna neman direbansa da wayarta. Saƙon bai sake fitowa ba in dai ban taɓa setin ba, na taɓa sau ɗaya ya fito na mayar. Shekaranjiya ƙarfe biyun dare na tashi daga Kaduna na nufi Kano, DNKN, na isa har na hango titin sauka, na sauka a wani wuri dai kusa da shi. Ba kowa a falon sai ni da sauro. Na je na tashi Madam in gaya mata, ta buɗe ido ɗaya ta ce ina hotunan bikinmu.

Filash ɗin baƙi ne mai jan murfi, 64GB, ranar yana kan teburin talabijin kusa da rimot. Ban ce wani ya ɗauka ba. Amma in ɗayanku ya je Rigasa ya ɗan duba mini, wajen tsanin.